Jeren da Na Yi wa Gidan Shayi a Chana

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Wadda ta zo barka da sauka sai ta ce in ba ta labari, wadda ta zo aron turmi ma sai ta nemi wuri ta zauna. Shekaranjiya a gidan suna a Malisa sau uku ina farowa daga farko, har tuwona ya huce. To ga shi nan gaba ɗaya, mai iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in sha ruwa. Kuma tun da wuri in faɗa muku, abin kunyar da kuka ji an ce na yi a can gaskiya ne. Ƙanena Alhaji Bala ya ƙara gishiri, amma kaɗan.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kulu mai jere ta Gwandu. Shekara talatin ke nan ina shirya ɗakin amare. In kika shiga ɗakin amarya a garin nan kika ga kwalla ta hau kan kwalla, tangaran na ƙyalli a kabet, babu inda za ki aza tafin hannu a bango ba ki taɓa wani abu ba, to aikina ne ko na waɗanda na koya wa. A wurina bango tsirara zagi ne. Ma'anarsa yarinya ba ta da kowa.

Abin da ya kai ni Chana kuwa ɗiyata ce ta fari. Kun san ba zan kama sunanta ba. Mutanen unguwa Injiniya suke ce mata, ni ma da shi zan tafi. Shekara shida ke nan da ta samu tallafin karatu ta tafi can, ta karanta tsara cikin gini, wato dai jere ne da boko. Da ta gama wani kamfani ya ɗauke ta gwaji, ya ba ta aikinta na farko ita kaɗai. Wata mata ce za ta buɗe gidan shan shayi, Injiniya za ta tsara cikinsa. In matar ta karɓi aikin, yarinya ta zauna da gindinta a kamfanin. In ta ƙi, sai ta tattara komatsanta ta dawo gida.

Ba ni ta gaya wa ba, ai ba mu irin wannan hira da ita. Kawunta ta gaya wa, shi Alhaji Balan, mazaunin Kalgo, mai zuwa can sarin kayan wuta. Ta ce masa in zai zo wannan karon ya taho da Inna ta ga aikin. Da ya kawo mini saƙon na ce, "Mi zan gano can?" Yana fita na ɗauko turmi na fara daka mata yaji. Malam maigidana ya ba ni izini, ya ce in sayo masa tocila mai ƙarko.

A Kalgo na kwana, gidan Bala. Matarsa ta taya ni ɗaure kaya: kilishi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da man shanu da wata ƙawata ta aiko daga Wurogauri. Na sa kwalbar turaren wuta, don ba ni tafiya ko Birnin Kebbi ba da ita ba. Bala ya dubi jakar ya ce, "Yaya, Chana za mu, ba gudun hijira ba." Na ce masa ya kama gabansa.

Bayan sallar asuba muka shiga mota. Jega, Koko, sai Yawuri, inda muka ci soyayyen kifi har na manta da ciwon bayana. Gaba da Kwantagora taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin wata bishiya. Wata Bafillata mai fura ta tambaye ni ina zuwa haka da lalle sabo. Na ce Chana. Ta ce ya wuce Makka? Na ce an ce ya wuce. Sai ta ƙara mini ludayi ɗaya na nono, ta ce in gaishe su.

A Abuja muka hau jirgi. Jirgi ba baƙona ba ne, na je aikin hajji. Amma wannan tafiya daban ce. In yi barci in farka, ana tafiya. In sake barci in farka, ana tafiya. A Habasha muka sauya jirgi, nan na haɗu da wata 'yar kasuwa mutuniyar Anaca da aka haifa a Sakkwato. Hausarta ta fi ta Bala daɗi. Ita ta ce in sha ruwa da yawa, in riƙa miƙe ƙafa, kuma kada in yarda da ƙanena in ya ce yana jin yaren Chana, duk haka suke faɗa. Maganarta ta fito. Abin da Bala ya iya bai wuce gaisuwa da "rage mini" ba, sauran duk da na'urar lissafi yake yi.

A filin jirgin birnin Guangzhou aka ce in aza yatsu a kan wani gilashi. Na aza, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Jami'in ya kama hannuna ya juya yana duban lallen, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya duba, ya ɗauko auduga ya goga ko zai fita. Na ce da Bala ya gaya musu kwana biyu na yi ina ƙunsa shi, ba auduga za ta fitar ba. Da ƙyar gilashin ya haƙura a karo na biyar. Muna ɗaukar kaya kuma sai ga wani ɗan kare da riga ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishi ya tafi, man shanu ya bi shi, wai ba a shiga da nama da abin da ya fito daga dabba. Da jami'ar ta kwance ledar daddawa sai ta ja da baya taku biyu. Bala ya shiga kwatanta mata miya da hannu, yana juya muciyar da babu. Ta ɗaure ledar da sauri ta miƙo mini da hannu biyu, ta yi mana nuni mu wuce.

Injiniya na tsaye a bakin fita da hijabinta. Ta durƙusa har ƙasa a gaban mutane ta ce, "Inna, sannu da hanya." Na dubi gefe na amsa. Na ce da Bala, "Wagga ba ta cin abinci ne?" Ya ce, "Ga ta nan ai, tambaye ta." Muka shiga mota, ta juya tana magana da direba da yarensu, rututu kamar a bakinta aka ƙirƙire shi, har yana dariya. Ni dai ina kallon taga, amma Allah ya sani zuciyata fal take da murna.

Masaukinmu a hawa na goma sha tara yake, unguwar da 'yan kasuwarmu ke sauka. Ɗakin in kika miƙa hannu biyu kin taɓa bango da bango. Na leƙa taga sau ɗaya na ga motoci a ƙasa, ban ƙara ba. Abinci kuma wurin wasu Musulmin Chana muke ci, masu fararen huluna, da ke jan taliya da hannu a gabanki har ta yi siriri. Aka kawo mini tsinke biyu wai in ci da su. Na gwada, taliyar ta gudu, naman ya faɗa kan zanena. Na wanke hannu na ci abina yadda na saba, mai abincin ya ɗaga mini babban yatsa. Ruwan sha kuwa da zafinsa suke ba ki, ko da rana tsaka. Da safe tsofaffin mata sa'o'ina suke fitowa fili su kunna kiɗa su yi ta rawa a jere, babu biki babu suna. Ɗaya ta ja hannuna in shiga. Na ce mata ina da surukai.

Rana ta uku Injiniya ta ce za ta kai mu mu ga aikin. Na sa leshina mai kyau. A hanya ina ta ƙiyasta abin da zan gani, don garin da ake ƙera duk kayan da nake jerawa, ai ɗakinsu sai dai ido ya gaji.

Ƙofar katako ce mara fenti. Muka shiga, na tsaya ina jiran a kai mu ɗakin. Ashe ɗakin ke nan. Tebur ɗaya dogo a tsakiya, ko man sheƙi ba a shafa masa ba, ana ganin idon icen, babu ƙyallen rufi. Kujeru gajeru marasa majingina. Bangon hagu an yaɓe shi da ƙasa, ƙasa dai irin ta ɗakin kakata a Ceberu, har da ɗan ƙaiƙayi a ciki, abin da mu muka sha wahala muka rufe da siminti don kada a ce mana 'yan ƙauye. Tun daga ƙasa har sama ba a rataya masa komai ba. A bangon dama katako ɗaya ne a kwance, da butocin shayi uku na yumɓu, ƙanana, an nisanta su da juna kamar masu gaba. A lungu tulu guda, an soka masa busasshen reshe ɗaya, irin wanda za ki tsinta ki hura wuta. Fitila ba a ganinta, haske kawai ke fitowa ta wani tsagi a sama. Can ciki akwai ƙananan ɗakuna uku da aka raba da asabari, su ma haka suke fayau.

Na ji Injiniya na kallon fuskata. Na ce, "To, Allah ya sa alheri." Sannan na ce da Bala a hankali ya tambaye ta yaushe za a kawo kayan. Ya tambaya. Ta ce, "Saura kujeru biyu, Kawu, gobe za a kawo." Jibi kuma mai wurin za ta zo ta duba, ta karɓa ko ta ƙi.

Shekara shida ana karatu, a ƙare da reshe a tulu. Na ce a raina ko dai matar ta matse hannu, yarinya kuma ta ji nauyin faɗa, ko kuwa bokon bai koya mata komai ba. Ko wanne ne, jibi za a kunyata ta a garin mutane. Da ɗiyar wata ce da na zaunar da ita na tambaye ta dalla-dalla. Amma ɗiyar fari ce. Tun tana goye ban taɓa yaba ta a gaban mutane ba, ban taɓa zama na ce mata mi ke damun ki ba. Haka aka yi mini, haka na yi. Abin da na iya shi ne in yi mata abu ba tare da na ce komai ba.

Washegari ta tafi wani gari duba fitilun wani aiki, ta ce sai gobe da safe za ta dawo, kai tsaye tare da mai wurin. Ta bar wa Kawunta mabuɗi saboda masu kawo kujeru. Tana fita na yafa gyale na ce, "Bala, kai ni kasuwa."

Ya gane nufina. Ya ce, "Yaya, ni fa na taɓa shiga irin waɗannan wurare, kamar haka suke barin su."

Na ce, "Kai da ɗakin matarka ni na jera, yau kai za ka koya mini? Ɗiyar 'yar'uwarka za a kora kana tsaye kana ta cewa kamar."

Ya sosa ƙeya ya ɗauko hularsa.

Kasuwar nan, 'yan'uwa, duk mai jere ta roƙi Allah ya kai ta ko sau ɗaya. Hawa shida, kowane hawa ya fi kasuwar Jega. Layin fulawar roba kaɗai sai da ƙafata ta yi ciwo. Na zaɓi kwalla saiti biyu masu jan fure, tangaran mai bakin zinari, kuloli, tire-tire, leshin tebur, labule mai ƙyalƙyali, darduma ja, fulawa kwando biyu, hotunan dawisu guda huɗu, da wani agogon bango mai ruwan gwal da ke kiɗa duk awa. Bala na ta danna na'urarsa yana cewa a rage, a nan kam yarensa ya yi amfani.

Daga azahar zuwa magariba na yi jeren da ban taɓa yin irinsa ba. Butocin nan uku na matsa su gefe na cika katakon da tangaran. Reshen na zare na ajiye bayan ƙofa, tulun ya sha fulawa. Tebur ya sha leshi, kwalla ta hau kan kwalla a kowane lungu. Bangon ƙasar nan da ya fi ba ni haushi, na sa Bala ya hau kujera ya kafa ƙusa biyar, agogo a tsakiya, dawisu biyu dama biyu hagu. Da muka gama shi kansa ya ja da baya ya ce, "Gaskiya yanzu ya yi kama da wurin mutane." Da safe muka riga su zuwa, na kunna kaskon lantarki na zuba turare, na gyara ɗaurin kallabina na zauna.

Ƙarfe goma ƙofa ta buɗe. Injiniya ce a gaba. Ta tsaya cak, jakarta ta zame daga kafaɗa ta faɗi, ba ta ko duba ba. Idonta ya bi tebur, ya bi lunguna, ya tsaya a kan agogo. Ta ce da wata ƙaramar murya, "Kawu, ƙusa ce?"

Bala ya ce, "Biyar."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. A bayanta mai wurin ta shigo, Madam Lin, gajeriyar mata sa'ata, da furfura da riga ruwan toka, ko ɗan kunne babu. Hayaƙin turare ya tare ta, ta yi tari. Daidai nan agogon ya ga dama ya fara kiɗansa.

Matar ta yi tambaya ɗaya, gajera. Injiniya ta fara magana, ta daɗe tana yi, kanta a ƙasa. Na taɓa Bala na ce mi take cewa. Ya ce, "Ba maganar farashi ba ce, ban gane ba." Sai daga baya ya matsa mata ta gaya masa, shi kuma ya gaya mini. Tana iya cewa masu kawo kujeru ne suka yi shirme, babu mai ƙaryata ta. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, wannan uwata ce. A garinmu uwa ba ta faɗa da baki. In ɗiyarta za ta shiga sabon wuri sai ta cika mata ɗaki, don kada a ce ba ta da kowa. Ta ga ɗaki babu komai ta ɗauka an bar ni ni kaɗai. Laifina ne da ban yi mata bayani ba.

Madam Lin ta zagaya ɗakin a hankali. Ta tsaya gaban kwalla, ta ɗauki ƙaramar ta sama, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce. Sai ta yi dariya. Ta ce, Injiniya na fassarawa, uwarta ma da irin wannan aka kai ta gidan miji a ƙauyensu, jan fure da komai, da barguna ja da aka tara har rufi don maƙwabta su gani. Ta ce rabonta da ganin irinta tun tana yarinya. Na fara jin sanyi a raina, na ce ashe ta san abin kirki.

Ta ajiye kwallar, dariyar ta tafi. Ta ce kaya a fitar da su, wannan aikin awa ɗaya ne. Ƙamshi a buɗe tagogi, Allah ya taimaka ba a kawo ganyen shayin ba tukuna, don yana shan duk warin da ya samu. Amma bangon. Ta ce saboda bangon nan ta ba da aikin. Wani tsoho ne ya yi mako uku yana yaɓa shi da hannu, ya kuwa koma garinsu mai nisa. Saura kwana uku a buɗe. In ramukan suka nuna, ba za ta karɓa ba.

Injiniya ta fassara wannan ma, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba. A nan na gane abin da na yi. Yarinya ta gama aikinta cif, ni na taso tun daga Gwandu na zo na huda shi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Bala ya sauke agogo da dawisu, ya zare ƙusoshin a hankali. Kowace ta fito da ɗan ɓarɓashi, ramuka biyar suna kallon mu. Na matsa kusa na shafa bangon, abin da ban yi ba ranar farko saboda raini. Aiki ne na gwani. Ban bi ta kan Bala ba wannan karon, na juya na dube ta na ce, "Akwai ragowar ƙasar?"

Ta ce akwai rabin buhu a ɗakin ajiya.

Na cire zobe da awarwaro na ba Bala, na ɗaure gyale a ƙugu. Tun ina shekara tara nake yaɓe da kakata, duk bayan damina mu ne gyaran ɗaki. Na kwaɓa ƙasar a cikin ɗaya daga kwallayen, ta yi ruwa-ruwa fiye da ta farko. Na jiƙa bakin kowane rami na bar shi ya sha, na cusa da babban yatsa, sannan na bi da tafin hannu. Sirrin ba a cikewa yake ba, a shafar yake. Dole ki bi hannun wanda ya yi na farko. Na duba sawun tsohon na ga daga dama yake jawowa zuwa hagu yana ɗan karkatawa sama. Na ce, "Mutumin nan bahago ne." Injiniya ta zaro ido ta ce haka ne. Na koma yi da hagu. Madam Lin ta ja kujera ta zauna tana kallo har na gama na biyar.

Ɗanyar ƙasa ta fi busasshiya duhu, don haka tabo biyar suka fito ɓaro-ɓaro. Babu abin yi sai jira ta bushe. Muka kwashe kaya, Bala na ta haki. Na ɗauko reshen nan daga bayan ƙofa na miƙa wa Injiniya. Ta mayar da shi tulu, ta juya shi kaɗan, ta ja da baya, ta sake juyawa, ta yi haka ya fi sau shida. Ni ma haka nake yi da kwallar sama. Ranar ko taliyar ban iya ci ba.

Washegari da hantsi muka koma. Madam Lin ta kunna fitilar wayarta ta kara a jikin bango tana bi a hankali. Ta bi ta dawo. Huɗu sun ɓace, ko ni sai da na lalubo. Na biyar, na wurin agogo, ta tsaya a kansa. Sawun babban yatsana ne ya fito kaɗan. Na ce a kawo ruwa in sake. Ta riƙe mini hannu ta girgiza kai, ta ce bangon hannu ne, a bar hannu a jikinsa. Ta ciro takarda daga jaka ta sa hannu ta miƙa wa Injiniya. Bala ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har matar ta firgita.

Sannan ta dafa mana shayi da kanta. Kofunan ba su wuce murfin kwalba ba. Ruwan farko ta zubar, na ce a raina almubazzaranci. Babu sukari, babu madara, balle burodi. Bala ya kurɓe nasa gaba ɗaya ya raɗa mini cewa mai shayin tashar Kalgo ya fi su tausayi. Ni na sha a hankali yadda na ga tana yi. Da ɗaci ya fara, can sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Na sa aka tambaye ta don mi take son ɗaki babu komai. Ta ce mutanen birnin nan tun safe idonsu ke cike, kaya a kasuwa, hoto a waya, talla a bango. In sun zo nan tana so idon ya rasa abin kamawa, ya koma kan shayin da wanda suka zo tare.

Dawowarmu ba ta da wani labari, sai tocilar Malam da na manta, sai a Abuja na saya masa. Kayan jeren suna cikin kwantenar Bala a kan ruwa, in sun iso za ku ga agogon a ɗakin wata amarya. Kada wadda ta ɗauka na tuba. Ɗakin amarya a Gwandu sai an cika shi, in ba haka ba ku ne za ku fara tsegumi.

Saura abu ɗaya da ban faɗa a gidan suna ba. Bayan kofi na uku aka kira Madam Lin a waya ta fita, Bala ya ce zai je ya ga masu loda kaya. Aka bar mu mu biyu, tebur a tsakaninmu. A gida in muka kaɗaita haka ina da mafaka. In gyara labule, in goge faranti, in ce waccan kwalla ta karkace. A nan na duba dama na duba hagu, babu abin da zan gyara. Dole idona ya sauka a kanta. Na ga ta yi ƙashin wuya, na ga tabon ƙuna a bayan hannunta da ban san lokacin da ta samu ba, na ga yadda take riƙe butar da natsuwa. Mace ce sosai, ni ban san ranar da ta zama ba.

Ta cika mini kofi, ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, ya yi?"

Na daɗe ina juya kofin. Na ce, "In kin ga wadda ta yi aikin nan, ki gaya mata shekara talatin ina shiga ɗakuna ina neman abin gyara. Wanga ne na farko da na shiga na zauna."

Ta sa bakin hijabinta ta goge ido, tana murmushi.

Ta ce, "Zan gaya mata, Inna."